Tambaya da Amsa: Fasahar Sauti Mai Amsa Motsi, da Yadda Kunne Ke Auna Ɗaki

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: aikin fasahar nan da ake girka lasifikoki da na'urorin gane motsi a cikin ɗaki, ko ƙarƙashin gada, ko wani lungu na gini, sautin ya riƙa sauyawa gwargwadon inda mai ziyara ya tsaya da abin da ya taɓa. Wasu masu tambayar sun riga sun haɗa kaya sun ci karo da matsala, wasu kuma yanzu suke shirin farawa. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu fili.

Tambaya daga wani ɗalibin zanen gine-gine: Malamai, na ji ana cewa da sauti kaɗai ana iya sa mutum ya ji ƙaramin ɗaki ya faɗaɗa. Gaskiya ne, ko zuƙi ta malle ce irin ta masu baje koli?

Amsa: Gaskiya ne, Malam, kuma dalilin a fili yake idan ka san abin da kunne ke aunawa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya a iska mai zafin digiri 20, wato santimita 34 a kowane milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ke nan. Idan ƙara ta fito daga damanka, takan isa kunnen dama kafin na hagu da tazarar da ba ta wuce milisakan 0.7 ba. Da wannan 'yar tazara ƙwaƙwalwa ke gane ɓangaren da sauti mai kauri ya fito. Siririn sauti kuwa, wanda kaɗawarsa ta haura 1,500 a sakan, abin da ake rubutawa Hz 1,500, kan mutum ne ke tare shi, sai ya isa kunnen nesa da rauni. Masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana wannan rabon aiki tun 1907. Sama da ƙasa, gaba da baya, lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne ne ke taimakawa, kuma aikin nasu bai kai na hagu da dama ƙarfi ba. Shi ya sa za ka ga wanda ke neman inda ƙara take yana jujjuya kai.

Girman ɗaki kuma daga abin da bango ya dawo da shi ake jin sa. Ka tafa hannu sau ɗaya. Bangon da ke mita 1 daga gare ka zai dawo da tafin cikin milisakan 6, wanda ke mita 5 cikin milisakan 29, wanda ke mita 8.5 cikin 50. Daga nan ne kunne ke fara jin dawowar a matsayin amsa-kuwwa mai zaman kanta. Ƙasa da haka ba ka jin sauti biyu, ɗaya kake ji, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta lissafa nisan bangon. Bayan waɗannan na farko sai dubban dawowa su haɗu su zama abin da za mu kira jelar sauti, wannan rugugin da ke biyo baya yana raguwa har ya mutu.

To, ga yadda ake faɗaɗa ɗaki. A fara kashe jelarsa ta asali da kaya masu shanye sauti. Sannan a sa ƙananan lasifikoki a jikin bango, a ba kowace kwafin sautin bayan jinkiri daban, misali milisakan 25 da 37 da 48, kowane kwafi ya fi na gabansa rauni, a biyo da jela ta kwamfuta mai tsawon sakan biyu. Wanda ya rufe ido zai ji kamar bangon ya ja da baya. Amma ka riƙe wannan da kyau: na'ura na iya ƙara wa ɗaki jela, ba ta iya yanke wadda yake da ita.

Idan kana son jin muryar ɗaki da kunnenka, ka gwada abin da Alvin Lucier na Amurka ya yi a 1969. Ya naɗi maganarsa, ya kunna ta a cikin ɗaki ya sake naɗa, ya kunna sabon naɗin ya sake naɗa, haka dai har kalmomin suka narke, sautukan da ɗakin ke ƙarfafawa kaɗai suka rage. Wayar hannu biyu da lasifika ɗaya sun isa. Bayan zagaye goma zuwa goma sha biyar za ka ji abin da babu zanen gini da zai nuna maka.

Tambaya daga wata malamar makarantar fasaha: Zaurenmu tsawonsa mita 10, faɗinsa 6, tsayinsa 4, bango da ƙasa duk siminti ne sumul. Na sa lasifika huɗu a kusurwoyi, kowace da nata sautin, amma da an kunna sai komai ya cakuɗe, babu mai iya nuna inda wani sauti ke fitowa. Lasifikokin ne ba su da kyau?

Amsa: Malama, kada ki sayi ko lasifika ɗaya tukuna. Laifin na zauren ne, kuma ana iya lissafa shi. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya fitar da hanyar a ƙarshen shekarun 1890: a ninka girman cikin ɗaki da 0.161, a raba da jimillar abin da ke shanye sauti, sai a samu yawan sakan da sauti ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Zaurenki kubik mita 240 ne. Bango da ƙasa da rufi sun kama murabba'in mita 248. Siminti mai fenti ba ya shanye fiye da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na sautin da ya buge shi. Mu ɗauki 5 saboda ƙofofi da tagogi, sai mu samu 12.4. Idan aka yi rabon, jelar ta kama sakan 3.1. Duk ƙarar da kika saki tana yawo a zauren sama da sakan uku, ta huɗu na shigowa ta farko ba ta mutu ba.

Akwai wani nisa daga bakin lasifika inda sautin da ke zuwa kai tsaye da wanda ɗaki ke dawowa da shi suke yin kunnen doki. A irin zaurenki, da lasifikar akwati ta yau da kullum, nisan bai wuce mita ɗaya ba. Duk wanda ya tsaya nesa da haka, ɗakin yake saurare. Ƙara murya ba ya gyara komai, domin duka biyun tare suke tashi.

Gyaran kala uku ne, kuma na farko ya fi nauyi. Ki rataya labule masu kauri, masu naɗe-naɗe, da za su rufe kimanin murabba'in mita 40, a bar tazarar aƙalla santimita 10 tsakaninsu da bango. Wannan kaɗai zai sauko da jelar zuwa wajen sakan 1.3. Allunan audugar gilashi masu kaurin santimita 5 zuwa 10, a lulluɓe da yadi, sun fi labule aiki. Siririn soso sirarun sautuka kawai yake shanyewa, ya bar masu kauri suna ruri, kwalin ƙwai kuma da ake yawan mannawa ba ya shanye abin kirki, ga shi makamashin wuta. Duk abin da za ki rataya a wurin da jama'a ke shiga, ki tabbatar ba mai saurin kama wuta ba ne.

Na biyu, ki fitar da lasifikokin daga kusurwa. Kusurwa na kumbura sauti mai kauri, tana kuma tayar da duk rugugin ɗakin. Ki kawo su kusa da hanyar da mutane ke bi, a tsayin kunne, mita 1.5 zuwa 1.6, ki rage muryarsu. A ganinmu ƙananan lasifika takwas masu magana ƙasa-ƙasa sun fi manya huɗu masu ihu nuna wuri.

Na uku shi ne irin sautin kansa. Kunne na kama wurin sauti ne daga farkon isowarsa, don haka abin da ke farawa kwatsam, kamar ƙwanƙwasa, ɗigon ruwa, takun ƙafa ko muryar mutum, ana nuna wurinsa nan take. Dogon sauti mai shigowa a hankali ba shi da mazauni, ko'ina ake jin sa. Ki kuma tuna cewa mutane ma shanye sauti suke yi, kowane mutum kusan rabin murabba'in mita. Mutum 30 a zauren da babu labule za su sauko da jelar daga sakan 3.1 zuwa kusan 1.5. Ki saita aikin a zauren wayam, ki sake saurarensa da jama'a a ciki kafin ranar buɗewa.

Malamar ta ƙara da cewa: Akwai wani sauti mai kauri da ke cika kunne a wasu wurare, a matsa taku biyu kuma ya ɓace.

Amsa: Wannan tsayayyar igiya ce, kuma ma'aunin zaurenki ya taimaka mata ƙwarai. Idan rabin zangon igiyar sauti ya shiga tsakanin bango biyu daidai, mai tafiya da mai dawowa sukan haɗu su ƙarfafa juna a wasu wurare, su soke juna a wasu. Sautin Hz 86 zangonsa mita 4 ne, rabinsa mita 2, kuma 10 da 6 da 4 duk suna rabuwa da 2 babu saura. Ke nan tsawo da faɗi da tsayi duk sun yi ittifaƙi a kan sauti ɗaya. Ki saki tsantsar Hz 86 daga kwamfuta, ki taka a hankali daga jikin bango. A bangon za ki ji shi da ƙarfi, mita ɗaya daga bango ya yi rauni, mita biyu ya dawo.

Idan damun ki yake, ki rage shi da desibel 4 zuwa 6 ta siririn mataci, wato abin da ke rage wani sashe na sauti kaɗai, a daidai wannan kaɗawar, ki kuma gwada matsar da lasifikar manyan sautuka. Mataci na iya aske inda ya yi tudu, amma ba ya cike inda ya yi rami. Ƙara masa ƙarfi a can wahalar da amfilifaya ne kawai.

Mu dai da za ki bi shawararmu, da kin mayar da shi wani ɓangare na aikin. La Monte Young da Marian Zazeela sun gina aikinsu mai suna Dream House a birnin Niyok, wanda aka buɗe a 1993, a kan wannan ɗabi'ar. Tsantsar sautuka ne ke tashi ba sa sauyawa, amma da mai ziyara ya karkata kai ko ya matsa, abin da yake ji ya sauya. Babu na'urar gane motsi ko ɗaya, jikin mutum da ɗakin ne ke yin amsawar.

Tambaya daga wani mai gyaran kayan lantarki: Ina son sauti ya tashi idan mutum ya matso. Wace na'urar gane motsi zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka fara yanke abin da kake son sani: cewa akwai mutum, ko nisansa, ko inda yake a cikin ɗakin, ko cewa ya taɓa wani abu. Kowanne da na'urarsa.

Mafi sauƙi ita ce mai jin zafin jiki, irin HC-SR501. Tana gani har kusan mita 7, amma sauyin zafi take gani. Mutum ya tsaya cik yana saurare, sai ta ɗauka ya tafi, sautin ya mutu daidai lokacin da ya fi mai da hankali. Tana kuma buƙatar kusan minti ɗaya ta daidaita bayan an kunna, kuma hasken rana ko iska mai zafi na ruɗa ta. Ta dace da bakin ƙofa, don tayar da aikin. Idan kana son gane wanda ke tsaye ba ya motsi, ƙaramin rada irin LD2410 ya fi, sai dai yana gani ta cikin siririn katako, don haka yakan ƙirga wanda ke wucewa ta bayan allo.

Domin nisa, HC-SR04 ce aka fi sani. Tana sakin ƙarar Hz 40,000, wadda kunnen mutum ba ya ji, ta auna lokacin dawowarta, daga santimita 2 zuwa mita 4, a cikin kwana mai faɗin kimanin digiri 15. Matsalolinta uku ne. Tufafi masu laushi na shanye ƙarar, sai awon ya riƙa ɓacewa. Idan ka sa biyu ko uku a ɗaki ɗaya, kowace na jin ta 'yar'uwarta, don haka dole a harba su bi da bi, a bar milisakan 60 tsakani. Sannan ƙafarta ta amsa bolt 5 take fitarwa. A cikin ƙananan allunan kwamfuta da ake haɗa ta da su, Arduino Uno zai karɓa, amma Raspberry Pi da ESP32 bolt 3.3 suke ɗauka, sai an sa rezisto biyu, na om 1,000 da na om 2,000, a raba wutar, in ba haka ba ƙafar allon ta ƙone. Mai auna nisa da haske, irin VL53L1X, ba ta damu da laushin tufafi sosai ba, tana kai wa mita 4 a cikin ɗaki, amma a hasken rana nisanta na raguwa ƙwarai.

Domin sanin inda mutane da yawa suke, kyamara mai auna zurfi ake ratayewa a rufi tana kallon ƙasa, saboda kada wani ya kare wani. David Rokeby na Kanada ya yi amfani da kyamara ya mayar da motsin jiki sauti tun shekarun 1980, a aikinsa Very Nervous System. Hanya ce mai ƙarfi, amma tana cin lokaci wajen saitawa, kuma kyamara mai hoto 30 a sakan ta riga ta jawo jinkirin milisakan 33 kafin kwamfuta ta fara lissafi.

Taɓawa kuwa, faifan fiyezo, ɗan faifai mai mayar da girgiza wutar lantarki, da aka manna a bayan katako ko ƙarfe ya wadatar. Ka sa masa ƙaramin da'irar ƙarfafawa mai juriyar om miliyan ɗaya ko fiye a kusa da shi. Idan ka kai shi kai tsaye cikin mahaɗar sauti, kaurin zai zube, ya rage ƙarar gwangwani.

Tambaya daga wani matashi mai koyon Pure Data, manhajar sarrafa sauti: Na haɗa komai yana aiki, amma idan mutum ya tsaya a bakin iyaka sautin sai ya riƙa kunna kansa yana kashewa, ana jin ƙas-ƙas, kuma mutane ba sa gane cewa su ne ke jawo shi.

Amsa: Matsala uku ka kawo, Malam, kuma kusan kowa na cin karo da su. Ta farko daga iyaka ɗaya take. Awon na'ura ba ya tsayawa wuri guda, yana rawa da 'yan santimita. Idan ka ce ya kunna a ƙasa da mita 1.5 ya kashe a sama da haka, wanda ya tsaya a 1.5 zai riƙa tsallaka iyakar sau da yawa a sakan. Ka yi iyaka biyu: ya kunna a mita 1.5, kada ya kashe sai an wuce 1.8. Kafin nan ka tace awon. Ka ɗauki awo biyar na ƙarshe, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka riƙe na tsakiya. Wannan ya fi haɗawa a raba, domin awon banza guda ɗaya ba zai ja sauran ba.

Ƙas-ƙas ɗin kuma daga tsallen murya ne. Duk lokacin da ƙarfin sauti ya tashi daga sifili zuwa cikakke nan take, lasifika na jin sa kamar duka. Ka bi da kowane sauyi ta line~, umarnin Pure Data mai sauya ƙarfi a hankali, na tsawon milisakan 20 zuwa 50. Shiga da fitar sauti gaba ɗaya kuma ka ba su lokaci daban: ya shigo cikin rabin sakan, ya fita cikin sakan uku ko huɗu. Haka nan ka haɗa nisa da desibel. Kunne na jin ƙarin desibel 10 a matsayin ninki biyu, kuma a fili sauti na raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Idan ka bi wannan ma'aunin, mai matsowa zai ji kamar wani abu na gaske yake tunkara. Ka haɗa da datse sirarun sautuka idan yana nesa, domin haka nisa ke yi musu.

Ta uku ta fi muhimmanci. Mutum na gane cewa shi ya jawo sauti ne idan amsar ta zo da wuri kuma ta zo iri ɗaya kowane lokaci. Ga taɓawa da bugu, jinkirin kada ya wuce milisakan 10. Ga tafiya, 50 zuwa 100 babu laifi. Ka duba ma'ajiyar katin sautinka, inda ake tara samfuran sauti kafin a sake su: a gudun samfuri 48,000 a sakan, ma'ajiya mai 128 jinkirinta milisakan 2.7 ne, mai 256 kuma 5.3, mai 1,024 ta haura 21. Lasifikar Bluetooth takan ƙara sama da milisakan 100, don haka ka ja waya. Sannan ka rage yawan abin da motsi ɗaya ke sauyawa. Idan matsowa na sauya ƙarfi da kauri da sauri da wuri a lokaci guda, mai ziyara zai ɗauka kwamfuta ce ke yin abin da ta ga dama. David Byrne ya nuna wannan a Playing the Building, wanda ya fara girkawa a Sitokhom a 2005. Tsohuwar ogan, abin kiɗa mai maɓallai, ya haɗa da ginin: ka danna maɓalli, wani ƙarfe ya bugi ginshiƙi, ko ƙaramin inji ya girgiza ƙarfen rufi, ko iska ta busa ta cikin bututu. Maɓalli ɗaya, sauti ɗaya, wuri ɗaya, ga wayoyin a fili ido na bin su.

Tambaya daga wata mai haɗa sauti: Ina son sauti ya zagaya ɗaki daga lasifika zuwa lasifika. A tsakiyar ɗaki yana zagayawa lafiya, amma da na matsa gefe sai ya maƙale a lasifikar da ke kusa da ni.

Amsa: Malama, abin da ake kira tasirin Haas ke nan, da sunan Helmut Haas wanda ya yi bincike a kansa a Jamus wajen 1949. Idan sauti ɗaya ya fito daga wuri biyu, kunne na ba wanda ya riga isowa gaskiya, ko da na bayan ya fi shi ƙarfi da 'yan desibel. Tazarar milisakan ɗaya, wato santimita 34, ta isa ta ja sautin gaba ɗaya zuwa ɓangare guda. Sautin da kike ji yana shawagi tsakanin lasifika biyu ƙwaƙwalwa ce ta ƙirƙire shi, kuma ba ya rayuwa sai ga wanda ke daidai tsakiya. Akwai ƙarin illa: wannan tazarar ta milisakan ɗaya na soke Hz 500 da 1,500 da 2,500, sai sautin ya yi kamar daga cikin bututu yake fitowa.

Abin da za ki iya gyarawa da lissafi shi ne ramin tsakiya. Lokacin da sauti ke rabin hanya tsakanin lasifika biyu, ki ba kowace 0.707 na ƙarfin, ba rabi ba, domin kada ya dushe yana wucewa. Ki kuma matso da lasifikokin, kada kwanar da ke tsakanin biyu ta wuce digiri 60 daga inda ake saurare. Da huɗu a kusurwoyi kwanar digiri 90 ce, kuma a gefen kai sautin tsakiya ba ya zama sam, tsalle yake yi. Shida ne mafi ƙaranci ga zagaye, takwas sun fi. Hanyar VBAP ta Ville Pulkki, ta 1997, wato lissafin raba sauti tsakanin lasifikoki, za ta yi miki rabon, amma ita ma tana ɗauka mai saurare na tsakiya ne.

Ga ɗakin da jama'a ke yawo, hanyar da ba ta ba da kunya ita ce sauti ɗaya, lasifika ɗaya. Janet Cardiff ta yi haka a The Forty Part Motet a 2001: mawaƙa 40, kowa an naɗe shi daban, lasifika 40 a jere a zagaye a tsayin kai. Ko'ina ka tsaya, kowace murya na nan inda take, ka matsa kusa ka ji mutum guda, ka koma tsakiya ka ji su duka. Idan dole sai sautin ya yi tafiya, ki mayar da shi gajerun ƙwanƙwasa masu sauka a lasifika ɗaya bayan ɗaya. Kunne zai haɗa layin da kansa. Ki kuma ɓoye lasifikokin a bayan siririn yadi idan da hali, domin ido na fizgar sauti zuwa duk akwatin da ya gani.

Tambaya daga wani mai karatu: Na sa makirufo domin muryar masu ziyara ta shiga aikin, amma lasifika sai kuka, ga kuma gurnani da ba ya ɗaukewa.

Amsa: Kukan daga zagaye ne: makirufo ya ji lasifika, ya mayar mata, ta ƙara. Ka sa makirufo mai ji ta gaba kawai, bayansa na kallon lasifika, kusa da bakin mai magana. Ka ɗaga murya har kukan ya fara, ka sauko da desibel 6, ka tsaya nan. Ka datse abin da ke ƙasa da Hz 100, ka sa mai taƙaita ƙarfi a ƙarshen layi saboda yaron da zai yi ihu a ciki. Gurnanin kuwa na wutar lantarki ne, Hz 50 ko 60 gwargwadon ƙasa. Ka ciyar da kwamfuta da mahaɗa da amfilifaya daga soket ɗaya, ka yi amfani da kebul mai ƙafa uku irin XLR ga duk layin da ya wuce 'yan mitoci, kada kuma ya kwanta a jere da wayar wuta. Kada ka taɓa cire wayar ƙasa, wadda ke kare mutane daga jan wuta, don kashe gurnani, ran mutane ne a kanta.

Tambaya daga wata mai kula da ɗakin baje koli: Aikin da aka girka mana wata uku zai yi, amma tun makon farko yake mutuwa, ma'aikatanmu kuma na kukan ciwon kai.

Amsa: Hajiya, aikin da zai daɗe daban ake gina shi da na kwana ɗaya. Idan Raspberry Pi ne, yawanci katin ajiyarsa ne ke lalacewa saboda ana zare wuta yana cikin rubutu. A mayar da katin na karatu kawai, a ajiye kwafi biyu a aljihun tebur, a saita manhajar ta tashi da kanta da an kawo wuta, ta kuma sake tashi idan ta tsaya. A buɗe wa akwatin ƙofar iska, domin allon na rage gudu idan zafinsa ya kai digiri 80, sai sauti ya fara yankewa. Wayoyin gwaji masu sokawa a cire su, a yi walda. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ta farkon kashewa. A duba nauyin da aka ɗora mata: lasifika biyu masu om 8 a haɗe gefe da gefe om 4 ne, huɗu om 2, wanda yawancin amfilifaya ba sa jurewa. Layin lasifika mai tsawon mita 20 a ja shi da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5.

Ciwon kan ma'aikata kuma kada a raina shi. Mai ziyara minti goma yake yi, su kuwa yini suke. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa ita ce desibel 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi, amma gajiya na farawa tun kafin a kai nan, musamman da tsantsar sauti mai tsini ko gajeren abu mai maimaituwa. Ki auna a inda suke zama, ki nemi ya tsaya tsakanin 60 da 70, aikin kuma ya sauka ƙasa sosai idan minti biyu suka wuce babu kowa. Max Neuhaus ya girka aikinsa na dandalin Times Square da ke Niyok a ƙarƙashin ragar ƙarfen da ke shigar da iska ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi aiki dare da rana daga 1977 zuwa 1992, aka dawo da shi a 2002. Sautin na tashi ne daidai da hayaniyar titi, har da yawan masu wucewa ba sa lura da shi. Ki nemi mai aikin ya rubuta takarda ɗaya da ke nuna matakin kowane maɓalli, ya sa alamar fenti a kansu, a manna takardar a cikin murfin akwatin.